Wa Ya Tono Dutsen Iyaka?

A kan fayil suka fara haɗuwa, kuma da rigima. Ranar Litinin ce da hantsi a ofishin rajistar filaye, fanka ɗaya ke juyawa cikin uku, akawu ya tura wani koren fayil kan kanta ya juya yana amsa waya. Hannu biyu suka sauka a kansa lokaci guda.

"Malam, ni na nema," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ni na riga taɓawa."

Ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa, kafin ta iske fuskarsa. Ba a banza abokan aiki ke kiransa Dogo ba. Ita kuwa Auta ake ce mata tun daga gida har kotu, don yayyenta biyar sun hana sunanta na yanka sakat. Dukansu lauyoyi ne sababbin fitowa, dukansu harkar filaye da gidaje suka kama, kuma ashe gida ɗaya ne ya kawo su: shi yana wakiltar mai sayarwa, ita mai saye.

Tana buɗe jaka neman biro sai tef ɗin awo ya faɗo ya gangara ƙarƙashin benci. Dogo ya sunkuya ya ɗauko yana jujjuya shi.

"Lauya ce ke ko kafinta?"

"Babana mai safiyo ne. Ba na sa hannu a takardar fili sai na taka kusurwoyinsa huɗu da ƙafata."

"To, 'Yar Tef, a yi min izini in raka ki. Ai tef bakinsa biyu ne."

Ta harare shi. Amma da la'asar shi ne riƙe da ɗaya bakin a cikin ciyawa, wandon kwat ɗinsa duk ƙaiƙayi, tana daka masa tsawa ya daina lanƙwasa tef. Filin ya gaza abin da takarda ta faɗa da taku uku. Maimakon ya yi gardama sai ya fashe da dariya, ya ce gobe zai sa mai gidan ya gyara. Wannan dariyar ce ta bi ta har gida.

Bayan shekara guda suka buɗe ofis tare, ɗaki ɗaya a saman wani kantin magani. Tebur biyu, butar shayi ɗaya, da durowar ƙarfe wadda aljihunta na uku ba ya buɗewa sai an yi masa ƙafa. Aiki ya raba kansa da kansa. Auta ce mai tono tsofaffin takardu da yawon rana, Dogo kuma mai baki, wanda in ya miƙe gaban alƙali har mai shara sai ya jingine tsintsiya. Soyayya kuwa ba wanda ya san ranar da ta shigo, sun dai wayi gari yana shan shayi da kofinta ba ta ce komai ba.

Matsalar tana wajen Baba, mahaifin Auta. Ranar da Dogo ya je gaishe shi da maganar aure, tsohon ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Na yi tambaya a gari, ɗana. Mutum biyar na tambaya. Uku sun ce ba su san ka ba. Biyu suka ce, au, wannan dogon da ke riƙe wa 'yarka jaka? Ba ƙinka nake yi ba. Amma ba zan ba da 'yata ga wanda sai an ambace ta ake gane shi ba."

Dogo ya yi godiya ya fita yana murmushi, amma Auta ta ga yadda ya kasa saka mukulli a ƙofar mota har sau biyu. A satin kuma ɗan aminin Baba, wani injiniya mai sunansa a jikin gadoji, ya fara zuwa gidan yana yi mata bayanin ingancin siminti har hamma ta kusa yaga mata baki.

Ana cikin haka shari'ar shaguna ta zo, masu shagunan suka ɗauke su su tsaya musu. Shaguna goma sha takwas ne a jere a bakin wata kwata: masu ɗinki, mai gyaran agogo, masu kayan miya. Wani kamfani ya sayi filin da ke bayansu, ya fito da sabon zane wanda ya nuna iyakarsa ta haɗiye shagunan har bakin titi. Auta ta zaƙulo tsohon zane mai shekara arba'in, ta ga ya ce akwai dutsen iyaka a kusurwar gabas, wato ɗan ginshiƙin simintin nan mai lamba da masu safiyo ke binnewa. Ba wanda ya taɓa ganinsa.

Kwana tara tana awo. A rana ta tara ta sa aka ɗaga murfin kwatar, ta saka takalmin roba ta shiga da 'yar fartanya, mutanen shaguna na tsaye suna toshe hanci suna yi mata sannu. Fartanyar ta daki siminti. Ta share lakar da tafin hannunta, lambar ta fito ras. Dogo yana kotu kan wata shari'ar, sai ta tura masa hoto da saƙo:

"Dogona, na same shi! Lamba ta yi daidai. Warin kwata nake, kar ka matso kusa da ni yau."

Ya mayar mata:

"'Yar Tef, ko kantin turare kika buɗe ba zan so ki fiye da yau ba. Allah ya bar min ke."

Da wannan dutsen suka yi nasara. Dogo ne ya tsaya gaban alƙali, shi 'yan jarida suka tare a bakin ƙofa, ita kuwa ko a jikinta, tana gefe tana jin daɗin yadda yake juya harshe.

Da ƙungiyar 'yan kasuwar garin ta nemi sunayen waɗanda za a ba lambar yabo ta matashin jagora na shekara, masu shaguna suka matsa musu su shiga. Auta ta cike fom da sunan ofishinsu, ta rubuta bayanin yadda lauyoyi ke rubutu: an binciko tsohon zane, an yi awo na kwana tara, an tono dutsen. Dogo ya kai.

Sati uku bayan nan ya ce mata sun ci. Ta yi tsalle har ta buge butar shayi. Washegari ta kai yadi wajen Inna mai ɗinki, shugabar masu shagunan, a yi mata rigar zuwa taron. Inna mai surutu ce, amma ranar sai awo take yi shiru, allura a baki. Can ta ajiye almakashi, ta ɗaga ƙyallen da ke kan keken ɗinki ta zaro wani kati.

"'Yata, jiya aka kawo mana. Karanta min, ko idona ne ya tsufa."

Hoton Dogo ne shi kaɗai, da murmushin nan nasa. A ƙasa an rubuta: matashin jagora na shekara, lauyan da ya shiga kwata ya tono dutsen iyaka da hannunsa.

"Ni na zuba miki ruwa kika wanke ƙafa ran nan," in ji Inna. "Shi ban gan shi ba."

Auta ba ta san yadda ta hau matakalar ofis ba. Ta same shi yana cin gyaɗa yana duba wata yarjejeniyar haya. Ta ajiye katin a kan takardar. Ya kalla, nan take ya sha jinin jikinsa.

"Zauna in yi miki bayani."

"A tsaye zan ji."

"Sakataren ƙungiya ne ya kira. Ya ce ba a ba ofis, mutum ɗaya ake ba. Ya ce ya ga an rubuta an tono, an auna, to wa ya tono?"

"Ka ce masa me?"

Ya ture gyaɗar gefe.

"Dogo, ka ce masa me?"

"Na ce ni ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Maganar Baba ce ta tsaya min a wuya. Na ce in sunana ya fita a gari zai ba ni ke. Don mu na yi, wallahi. An yi kuskure, na sani."

"An yi? Wa ya yi?" Ta ji hawaye na zuwa ta haɗiye su da ƙarfi. "Da ka tambaye ni, da hannuna zan rubuta sunanka. Ka san zan yi. Amma sati uku kana shan shayi da kofina, kana kallona ina zaɓen yadi."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ta bar ƙofar a buɗe. Ita da ke yi wa mutane faɗa kullum kada su bar fili ba katanga, ta bar wannan ƙaramar kalmar "an" ba mai ita, kuma wanda ya yi gini a kai shi ne mutumin da ta fi yarda da shi a duniya.

Ta zaro tef ta auna ɗakin daga bango zuwa bango, ta raba biyu daidai, ta liƙa jan tef ɗin liƙi a ƙasa tun daga taga har ƙofa. Butar shayi ta faɗa ɓangarenta, durowar ƙarfe ta faɗa nasa. Daga ranar in tana son fayil sai ta rubuta a takarda ta ajiye a kan layin. Masu kawo aiki suka riƙa tsallake jan layin suna kallon juna.

Saƙonninsa kuwa ba su tsaya ba.

"'Yar Tef, an ɓata miki rai, a yi haƙuri."

Ta goge.

"Abin da ya faru bai kamata ya faru ba. Ki ba ni minti biyar."

Ta goge wannan ma. Lauya ne har a ban haƙuri, ya iya jera magana yadda ba za a kama mai laifi a cikinta ba.

Sai abin ya zo mata ta inda ba ta zata ba. Ranar Asabar da safe Mama ta shigo ɗakinta fuska a sake, katin nan a hannu.

"Auta, albishirinki. Babanki ya ga wannan. Ya ce a kira masa yaron nan gobe da hantsi. Ina jin ya sauko."

Auta ta karɓi katin ta kife shi a kan gado. Abin da ta yi shekara tana roƙon Allah ga shi ya zo, amma a kan ƙarya ya zo, kuma ƙaryar da guminta aka gina ta. In ta buɗe baki, Baba ba zai sake barin Dogo ya taka ƙofar gidan ba, don mutum ne da ya yi shekara talatin yana awo bai taɓa matsar da dutse ko da faɗin yatsa ba. In ta yi shiru, za ta auri wanda ya ci amanarta, ta zauna tana tafa masa duk ranar da aka ba da labarin kwatar. Kuma abin haushin, har yanzu tana sonsa. Ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska, ba ta ce wa kowa komai ba. Ta dai yanke a ranta cewa in ya maimaita ƙaryar nan a falon ubanta, ko Baba ya ba shi ita ba za ta je ba.

Dogo ya zo a kan lokaci, ya rame har kwat ta yi masa yawa. Ta kawo ruwa ta ajiye ba ta kalle shi ba, za ta fita Baba ya ce ta zauna.

"Ɗana, na ga abin arziki," in ji Baba yana buga katin a gwiwa. "Ni aikina ke nan har na ajiye. Ba ni labari. Da fartanya ta daki dutsen, lambar wace fuska take kallo?"

Auta ta kalli Dogo. Ta san ya san amsar. Hoton yana wayarsa, rahoton awon kuma shi ya karanta wa alƙali har ya haddace. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da aurenta.

Dogo ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Baba, ban taɓa ganin dutsen nan ba sai a hoto. Ita ta auna, ita ta shiga kwatar, ita ta tono. Ni ƙarya na yi wa ƙungiya don ka ga sunana. Na ci amanarta, kuma na so in yaudare ka." Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. "Tun shekaranjiya na kai musu wannan. Na janye."

Baba ya saka tabarau ya karanta a hankali, ya miƙa wa Auta. Ta bi ta layi-layi yadda take bin takardar abokin hamayya. Sakin layi uku ne, ga hatimin karɓa na ƙungiya a kusurwa. Ta nemi "an" ko guda ɗaya ba ta samu ba. Ni na faɗa, ni na ɓoye, ita ta yi.

"Na san ba kai ba ne," in ji Baba. "Kwana tara yarinyar nan tana shigo min gida da laka har gwiwa, fartanyar ma tawa ce. Na kira ka ne in ji da wace fuska za ka faɗa min, in sallame ka gaba ɗaya. To, ka ɓata min shiri." Ya numfasa. "Ni ma da nawa laifin. Na auna ka da abin da ba a auna mutum da shi, kai kuma ka je ka sato. Yanzu magana ta bar hannuna. Ba ni ka yi wa ba."

Duka suka juyo suna kallonta. Mama daga bakin ƙofa tana yi mata alama da ido ta ce to. Auta ta ninke takardar gida huɗu.

"Ban yafe ba tukuna," ta ce. "Katin nan ya shiga shago goma sha takwas. Takardarka tana aljihun sakatare, mutum ɗaya ya gani. Ka je ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu da bakinka, tunda baki ne sana'arka."

Ya je. Yini biyu ya yi yana sunkuyawa ƙarƙashin rumfuna. Mai gyaran agogo ya sa shi ya maimaita sau biyu wai kunnensa ɗaya ba ya ji. Inna mai ɗinki ta bar shi tsaye a rana har ta gama kalmasa, sannan ta wanke shi tas, ta kuma ba shi kujera da ruwan sanyi. Labari ya zaga gari, wasu suka janye aikinsu daga teburinsa, abokan aiki suka samu abin yi masa tsiya a harabar kotu. Bai yi ƙorafi ba. Da yammacin rana ta biyu saƙonsa ya shigo:

"Na gama sha takwas. Na ci amanarki, Auta. Ba ni da hujja. Ko kin ce a'a ba zan ga laifinki ba, amma ina sonki."

Wannan ba ta goge ba. Ba ta kuma amsa ba sai bayan kwana huɗu, kuma abin da ta rubuta shi ne:

"Akwai awon fili gobe ƙarfe takwas. Ka zo da takalmin roba."

Ƙungiya ta sake buga kati da sunan Auta. Ranar taron Auta ta hau dandamali cikin rigar da Inna ta ɗinka, ta karɓi lambar ita kaɗai. Masu shaguna suka cika layin baya suna tafi har shugaban taro ya roƙe su su zauna. Ta gode wa Baba, ta gode musu, ba ta ambaci Dogo ba, kuma ba mantuwa ta yi ba. Yana can gefe yana tafi da dukan ƙarfinsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Injiniya ya aiko da saƙon taya murna mai tsawo, daga nan ba a sake ganin motarsa a ƙofar gida ba.

Wata huɗu ta ja shi. Ya shiga ramuka, ya sha rana, ya koyi karanta tsohon zane. A wata na biyar ta ce wa Mama ta gaya wa Baba ta amince.

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar mai sanyin iska. Baba ya riƙe hannun Dogo ya daɗe bai saki ba, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuriya masu gaskiya, ya hana ɗayansu kunyata ɗaya. Mama tana amin tana share ido da bakin mayafi.

Da la'asar, bayan 'yan rakiya sun watse, suka rage su biyu a falon sabon gidansu, akwatuna ko'ina ba a buɗe ba. Dogo ya rakuɓe a can ƙarshen kujera kamar baƙo.

"Amarya, kin yi shiru."

"Ina tunani ne." Ta juyo ta kalle shi sosai. "Ka san har yanzu in na tuna ina jin haushinka?"

"Na sani."

"Wataƙila har shekara goma ina ji."

"Na yarda. Zan jira."

Ta ɗan daki wurin da ke kusa da ita da tafin hannu.

"To matso nan, Dogona. Daga kusa zan ci gaba da ji."

Ya matso. Allah ya sa albarka a zaman, ya sanyaya abin da ya saura a zuciya.